Saja Mai Gadin Lasifikar Baba

Akurba, Lafia.

Zuwa ga ƙanina Mahir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bilqis da 'yata Rahma. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta kankama, sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa, ɗana Zakiyyu kuwa tun da ya gama jarrabawa ba shi da aiki sai buɗe tukunya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har masallaci yake takawa da kansa. Kunnen ne dai yana nan yadda ka bar shi. Na zauna na rubuta maka ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, kuma wannan zancen ina so ka ji shi har ƙarshe.

Kayan kallo da sautin da ka aiko wa Baba sun iso lafiya. Da aka ce masa sunansu hom tiyata, sai ya ɓata rai ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba wanda zai yi masa tiyata a gida. Maigidana, Baban Zakiyyu, shi ya haɗa talabijin ɗin da lasifikokin a falo. Mahir, da ka ga fuskar Baba a ranar. Ya saurari labarai daga farko har ƙarshe bai juyo ya ce wa kowa a maimaita masa ba. Amma daɗin bai daɗe ba. Ba a yi sati ba aka ɗauke wuta, da aka tashi dawo da ita sai ta zo da ƙarfin tsiya. Ƙwayayen fitilarmu suka fashe, talabijin ɗin maƙwabcinmu Ushahemba ta yi hayaƙi ta mutu murus. Baba ya leƙa ya ga hayaƙin da idonsa. Ya dawo ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ya zare duk filogin, ya lulluɓe kayan da tsohon bargonsa, ya ce kada wanda ya sake kunnawa, gumin ɗansa ne. Haka ya riƙa wuni a kujera kusa da bargon nan, ga abin da zai sa ya ji duniya, ga tsoro ya hana. Wallahi abin ya dame ni ƙwarai.

Da na gaya maka, ka ce mu zaɓi ɗaya mu saya, ko akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, wanda ake ce wa yufiyes, ko abin da ke tare wuta in ta zo da ƙarfi, wato saj furotekta. To nan gida ya rabu biyu. Baban Zakiyyu ya tsaya kai da fata a kan batir, wai don kada tafsiri ya yanke wa Baba a tsakiya. Na ce masa ban taɓa jin tafsirin da ake yi ranar Asabar da yamma ana ihun an ci ƙwallo ba. Ni kuwa hayaƙin gidan Ushahemba ne bai fita daga hancina ba. Muka je shagon Norbert mai kayan lantarki, ya yi mana bayani da Hausarsa ta kasuwa. Ya ce ƙaramin batir ba zai riƙe manyan lasifikoki ba sai na ɗan lokaci, babban da ke riƙewa ya kuma tare ƙarfin wuta da kyau sai an shirya kuɗi, kuma zafin garin nan yana saurin gajiyar da batir. Ɗayan kuwa ba ya ajiye wuta ko ta kunna ashana, in an ɗauke an ɗauke, aikinsa kawai tsayawa a ƙofa. Ya ƙara da cewa ko da shi, in hadari ya haɗu ana tsawa gara a zare filogi. Muka fito shagon kowa na kan bakansa.

Sai na ce tunda kayan na Baba ne, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, a kai masa maganar. Na durƙusa kusa da kunnensa ina ɗaga murya. Duk bayanin da na yi, kalma ɗaya ya kama, ita ma a karkace. Ina cewa saj, shi yana jin saja. Ya dube ni ya ce yanzu Mahir soja zai ɗauko don gadin rediyo, a ina za mu kwantar da shi, wa zai ciyar da shi? Muka yi dariya har Baban Zakiyyu ya riƙe ciki. Da ƙyar na fahimtar da shi cewa ɗaya yana hana kayan yin shiru na ɗan lokaci, ɗayan yana hana su mutuwa gaba ɗaya. Sai ya ce a sayo Sajan. Ya ce shi da shiru sun daɗe tare, in an ɗauke wuta zai jira, ai ya iya jira. Shirun da ba ya wucewa shi ne ba ya so. Haka muka koma shagon Norbert muka sayo shi.

Yanzu Saja yana nan a bango, sunan ya bi shi har maƙwabta. In wuta ta dawo ba ya barinta ta shiga nan take, sai ya nuna jar fitila na ɗan lokaci kafin ya nuna koriya. Baba ya ce takardunta yake dubawa kamar masu shinge a hanyar Obi. An mayar da bargo kan gado. Ushahemba yakan shigo da yamma su kalli labarai tare kafin ya gyara tasa. Baban Zakiyyu ya yi fushin kwana biyu, ya koma gidan kallon ƙwallonsa na bakin titi, inda dama ya fi jin daɗin gardama.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na haɗa wayata da lasifikokin na kunna saƙon muryar da ka turo mini, wanda kake ba ni labarin Rahma ta fara zuwa makaranta tana kuka. Ba don Baba ka yi shi ba, don haka a hankali kake magana, kana 'yar dariya. Baba ya ce in sake kunnawa. Na sake. Ya sunkuyar da kai, ya ce ashe har yanzu haka muryar Mahir take. Ya ce shekara da shekaru in an miƙa masa waya ba ya jin komai daga gare ka sai ihu, ya san don kunnensa ne, amma wani lokacin in ya kwanta yakan tambayi kansa ko wani laifi ya yi maka. Na tashi na shiga kicin na yi kukana. Don Allah ka riƙa turo masa saƙo, mai tsawo, ka ba shi labarin komai, ko na ruwan sama ne. Kada ka ɗaga murya. Yana jin ka yanzu.

Ka gaishe mini da Bilqis da kyau, ka ce mata ina nan ina tara mata man ja da gishirin Awe. Ka shafa mini kan Rahma. Baban Zakiyyu da Zakiyyu suna gaisuwa, Gwaggo Jumai ma ta ce in gaishe ku. Baba yana sa maka albarka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka yayarka,
Zuwairatu.