Littafin da Na Karɓa a Fadar Samari

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Karatu na Jami'armu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce a sashen ilimin noma, 'yar Gangara ta yankin Gazawa. Daga gida nake rubuto maka, kuma ba hutu ne ya kawo ni ba.

Na farko, shirinku na kai wa ɗalibai littattafai har unguwannin da muke haya abin yabo ne. Sai dai ma'aikatanku sun zaɓi su riƙa sauke kwalayensu a fada, inda samari ke zaman shan shayi, wai can ɗalibai suka fi taruwa. Ɗalibai maza dai. Wace 'ya mai kunya ke zama a fada?

Na biyu, ni na je. Jarrabawa ta matso, littafin cututtukan gero da nake nema kuma yana cikin kwalinku. Na ja mayafi na tsaya gefe, ma'aikacinku ya ce in zauna sai ya sallami na gabana. Na ɗosana a bakin benci, wani ya miƙo mini shayi, kunya ta hana ni ƙi. Kofin yana hannuna sai ƙanen mahaifina, wanda ya kawo wake kasuwar birni, ya wuce a kan babur ɗin kabu-kabu. Muka haɗa ido. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Labari ya riga ni isa Gangara. Mahaifina, wanda ya toshe kunne ga masu cewa kada ya bar 'ya mace ta tafi birni karatu, yanzu ba ya iya ɗaga kai a ƙofar masallaci. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi in tattaro kayana in dawo gida. Na faɗi gaskiya, amma wa zai yarda cewa littafi ake bayarwa a fada? Garin neman gira na rasa ido.

Roƙona, ku ware wa mata wurin da za su karɓi littafi ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Sannan, don Allah, ku turo ma'aikacin nan ya gaya wa mahaifina da bakinsa abin da ya zaunar da ni, tun jarrabawa ba ta wuce ni ba.

Littafinku yana cikin akwatina. Lokacin mayar da shi ya wuce, kuma ina jin nauyin hakan. Amma an ce a fadar ake mayarwa, ni kuwa ba zan sake taka wurin ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare 'ya'yanka mata daga irin wannan kunya.

Wassalam.

Ɗalibarka, daga Gangara.