Karan da Aka Gwada Ni da Shi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wadda ɗa yake yi a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, albishirinki. Jikarki Binta ta sauka lafiya a asibitin Kurfi, an samu 'ya mace, ranar suna kuma aka raɗa mata sunanki. Tun daga ranar ban iya zama wuri ɗaya ba, har maƙwabta suna cewa tsoho ya zautu. Na san ba ki karatun boko. Ni ma sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yamma na koya. Amma yau maganar da ke cikina ta fi ƙarfin baki.

Kin tuna ƙarshen daminar da na bi masu awon ƙasa cikin gandun dajin gwamnati, can bayan Kuki, kafin a samu mulkin kai? Na bar ki a Tamawa tare da matata Hinde, tana da cikin Binta. Aikin ba wuya. Malam Iro, mai yi mana tafinta, ya tsinko ganyen marke da sabara da gamba, ya danne su tsakanin takardu. Mu leburori mu haƙa rami, Baturen da ke shugabantar aikin ya shiga ya kankare bango da wuƙa, ya ɗebi jar ƙasa daban, baƙa daban, ya ƙulle a 'yan jakunkuna.

Ranar da abin ya faru Baturen ya manta ma'auninsa a mota, motar kuma tana nesa. Sai ya zaro karan dawa daga dangar wata tsohuwar ruga, ya dube mu, ya ga na fi kowa tsawo. Ya jingina karan a jikina daga diddige zuwa ka, ya karya abin da ya yi saura, ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya ce a haƙa daidai nan. Yana murmushi, Inna. Bai san gawa kaɗai ake gwadawa da kara a ƙasarmu ba.

Ya ce ramin ya miƙe kudu da arewa, don hasken hantsi ya bugi bangon ya ga launin ƙasa. Ya ce a bar matakala a ciki. Da muka gama na fito na waiwaya, sai na ga kabari sak. Tsawona, kwanciyarsa irin ta maƙabarta, kuma da hannuna na haƙa.

Ɗanjuma abokin aikina ya so ya mai da abin wasa. Ya ce, "Dogo, share ɗakin naka da kyau, kada ka tare cikin tsakuwa." Ba wanda ya yi dariya. Shi ma bai ƙara ba.

Da la'asar wani Bafulatani ya biyo da shanunsa. Ya tsaya a bakin ramin, ya tuɓe takalmansa, ya yi salati, ya ce, "Wa aka rasa, bayin Allah?" Malam Iro ya ce ba kowa. Mutumin ya dubi karan da ke kwance a gefe, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya a kaina. Sai ya kora dabbobinsa da sauri.

Sauran ramuka muna cike su a ranar. Wannan kuwa Bature ya ce a bar shi a buɗe har ƙarshen aiki, yana so ya ga inda ruwa zai tsaya a ciki. Kullum da safe ta gefensa muke wucewa. Na daina cin abinci. In na ɗaga gatari sai in ga kamar zai dawo kaina, in ciyawa ta motsa in ce maciji ne aka aiko. Abu ɗaya nake ta lissafawa, ko zan ga abin da Hinde za ta haifa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni a bukka. Daga inda nake kwance ina hango jar ƙasar da muka tara a bakin ramin. Na kira Ɗanjuma na ce in ta faru, kada su wahala da sabon haƙa. Ya zage ni, yana share ido da hannun riga. Ranar kasuwar Kuki da ya je sayo mana gero, ya ba wani mutumin garinmu saƙo ya kai miki.

Rana tana tsaka kika iso, a ƙasa, da fartanya a kafaɗa, ƙaya ta yayyaga miki zane. Ba ki ko dube ni ba, kin san ba ki taɓa kama sunana ba, ni ɗan fari. Kika ce, "Ina karan da aka gwada yaron nan?"

Aka kawo. Kika tsai da shi a jikinki, ya zarce kanki da kusan kamu ɗaya. Kika karya abin da ya zarce a gwiwa, kika jefar cikin ciyawa. Kika sauka ta matakalar nan, kika kwantar da sauran a ƙasan ramin, kika fito kika ce, "To, yanzu ba tsawonshi ba ne, nawa ne. In ramin nan jira yake, ya jira ni." Kika fara tura ƙasa.

Baturen ya taho yana ɗaga hannu. Malam Iro ya tare shi, ya daɗe yana yi masa bayani. Na ga fuskarsa ta canza, ya cire hularsa. Daga baya ya karɓi shebur a hannun Ɗanjuma ya taya ki. Bai sake rabuwa da ma'auninsa ba har muka gama.

Na warke. Na ga Binta, kin yi wa uwarta wankan jego, kin goya ta. Ba a kai ga yaye ta ba kika tafi. Da aka kawo karan da za a gwada ki, fita na yi daga gidan.

Malamai sun faɗa mini kara ba ya rage kwanan kowa, ajali na Allah ne, ke ma lokacinki ne ya yi. Na yarda, Inna, wallahi na yarda. Amma ke ba ki san haka za ta kasance ba ranar da kika sauka ramin nan, kuma ba ki tsaya tunani ba.

A asibiti, ungozoma ta zo da ma'auni za ta gwada tsawon jaririya. Ban san lokacin da na riƙe mata hannu ba. Binta ta ce, "Baba, lafiya?" Na saki, na ce a yi haƙuri. Aka gwada ta ina kallo, tana ta harbin iska da ƙafa, ta ƙi miƙewa. Na ce a raina, wannan ke ce.

Allah ya yalwata miki kabarinki, ya haskaka shi, ya sa ya zama dausayin Aljanna. Allah ya raya takwararki, ya ba ta tsawon kwana da irin zuciyarki.

Ni ne yaron nan naki,
Dogo