Sunan da Aka Yanke da Reza

Makarantar Firamare,
Kebbe, ta hanyar Tambuwal,
Jihar Sakkwato.
Nuwamba, 1979.

Zuwa ga Baffana Na'iya, a Sabon Shagamu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗa ke yi wa ubansa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali duka. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya sa wa goronka albarka, ya tsare ka daga sharrin hanya da na kasuwa, amin. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, gero ya shiga rumbu, dawa ce ta rage. Inna ta ji sauƙin ƙafar nan tata, har tana fita unguwa. Ƙanwata A'isha ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace, ana kiranta Atu, kuma duk wanda ya gan ta sai ya ce hancinka ta ɗauko, Allah dai ya ba yarinya haƙuri. Mahaifina Malam yana can Tambuwal a zaurensa da ɗalibai yadda ka bar shi. Ni ne dai ban san inda zan sa kaina ba. Yau ma a aji na tsaya da alli a hannu na manta abin da zan rubuta, har yara suka fara dariya, shi ya sa na ce bari in kawo maka kukana.

Baffa, ka san zancen jitar nan tawa, tunda kai ka ɗaure mini gindi lokacin da kowa ya juya mini baya. Wadda nake kaɗawa yanzu ita ce babbar, mai tsirkiya fuɗu da murya mai kauri, wadda muke ce wa bes. Aikinta riƙe gindin kiɗa. Ba a cika lura da ita ba, amma in ta tsaya sai kiɗan ya watse. Ka kuma san sharaɗin da Malam ya kafa mini ta bakin Goggo Husaina, tunda ni ɗan fari ne, ba ya yi mini magana kai tsaye, ko sunana ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya ce bai sa albarka ba, bai kuma tsine ba, amma abu ɗaya: kada in kuskura in bari a ji sunansa a bakin mawaƙi, kada a haɗa shi da ganga ko da wasa. Na ce na ɗauka. To, wannan alkawari ne ya hana ni sakat.

Watan jiya wani ma'aikacin gidan rediyo ya ji mu a bikin wani malamin makaranta a Tambuwal, ya ce mu zo Sakkwato a ɗauki waƙarmu ɗaya ta gwaji, in ta yi wa manyansa daɗi su sa ta jama'a su ji. Muka ɗora kaya bisa ƙaramar bas muka tafi: ni, da Dawuda mai ganguna ɗan Dogon Daji, da Bube mai ƙaramar jita na nan Kebbe, da mawaƙinmu Ɗanmaliki mutumin Fakku, wanda kaf danginsu makaɗa ne tun kakanni. Tun a hanya na ci goro har haƙorana suka gaji.

Kai, Baffa, ɗakin nan da suke ce wa situdiyo ba wurin mutane ba ne! Babu taga, bango duk an lulluɓe shi da wani abu mai taushi kamar katifa, in ka yi tari sai ka ji an ƙwace shi tun bai bar bakinka ba. Ga sanyin na'ura, yatsuna suka sandare, tsirkiyoyi suka sauya murya sai da na sake ɗaure su. Injiniyan, wani mai suna Ɗangiwa, yana zaune bayan gilashi yana ba da umarni da hannu. Ya sa aka raba mu kusurwa-kusurwa, ni aka cusa ni bayan wani allon katako inda ko ƙafar Dawuda ba na gani. Mu fa a fage muka koyi kiɗa, idonmu kan ƙafafun 'yan rawa, su ke gaya mana mu ƙara ko mu rage. Nan kuwa babu kowa sai wayoyi a ƙasa. Jar fitilar fara ɗauka na kamawa na ruga gaba kamar an koro ni. Aka tsaya. Aka sake, Bube ya ɓata. Aka sake, akwatin sautina ya kama ƙugi ba gaira ba dalili. Ga sanyi, ga gumi na keto mini. Ɗangiwa ya daina murmushi, ya koma duban agogo, ya ce saura gwaji ɗaya tak, masu shirin manoma suna tsaye a ƙofa suna jiran ɗakin.

Sai Ɗanmaliki ya tuɓe takalma, ya tura hula ƙeya, ya matso tsakiya inda kowannenmu zai hango shi, ya ce mu manta da gilashin nan, mu kalli ƙafarsa. Ya fara taka rawa a hankali yana waƙa. Wallahi Baffa, nan take kiɗa ya zauna. Ban taɓa jin hannuna haka ba, kamar ba ni ke kaɗawa ba. Daɗi ya kwashe Ɗanmaliki, jinin gidansu ya motsa, ya saki baitin da muka shirya ya shiga yi mana kirari yadda ake yi a fage: ya kira mutum da ubansa da garinsu, sauran su sassauta, wanda aka kira ya nuna abin da ya iya. Ya kira Dawuda da ubansa, Dawuda ya zuba. Ya kira Bube da ubansa. Ya kira nasa uban na Fakku. Sannan ya juyo kaina. Sauran suka yi ƙasa, aka bar ni ni kaɗai da tsirkiyata, shi kuma yana bisa kai yana kiran Attahiru ɗan Malam Sambo na Tambuwal, jikan masu allo da tawada. Ina ji da kunnena, hannuna bai tsaya ba. In gaya maka gaskiya, a lokacin daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Sai da fitila ta mutu na tuna alkawarin da na yi wa Malam.

Aka mayar mana da tef ɗin muka saurara, kowa sai tsalle. Ɗangiwa da kansa ya fito daga bayan gilashi ya ba ni hannu, ya ce wurin nan nawa shi ne zuciyar waƙar. Ni kuwa na roƙe shi ya cire muryar kawai ya bar kiɗan, ya ce ba ya yiwuwa, duk a zaren tef ɗaya muka hau, an riga an dama mu kamar fura da nono. Na ce a sake ɗauka, ya nuna mini mutanen da ke ƙofa. Hanya ɗaya ta rage, a sa reza a yanke wurin gaba ɗaya, sunan da kiɗana tare. Ɗanmaliki ya rantse mantuwa ya yi, daga baya kuma ya hau faɗa, wai a gidansu a kira mutum a bar ubansa zagi ne, shi girmama Malam ya yi. Bube ya ce lalle na sami taɓin hankali, mutum ya shekara da shekaru a bayan fage, ranar da aka ji shi ya ce a yanke. Na ce ko a yanke, ko in ɗauki jitata in kama hanyar tasha. Ɗangiwa ya dube ni, ya girgiza kai, ya kwantar da zaren ya sa reza, ya liƙe bakin biyu, ya miƙo mini guntun. Bai fi kamu biyu ba. A tasha na jefa shi cikin wutar mai shayi, don na san halina, in ya kwana a aljihuna zuciyata za ta sauya.

An sa waƙar ranar Jumma'a bayan la'asar. Na saurara a nan Kebbe, kuma ka san ƙananan rediyon nan ba su fitar da muryar bes, ga wurin da nake ni kaɗai babu shi. Daga farko har ƙarshe kamar ban je ba. Na ce ba komai, na dai cika alkawari, na haɗiye abina.

Ran kasuwa sai ga Goggo Husaina da kanta ta sauko daga mota, ko ruwa ba ta sha ba ta fara ba ni labari. Ashe telan da ke gaban gidanmu na Tambuwal ya ƙure rediyonsa ranar, ɗalibai suka tashi za su je su ce ya rage, Malam ya ɗaga musu hannu su zauna. Malam fa, Baffa, wanda ko kalangun biki ya ji sai ya sauya hanya! Ya saurara har aka gama. Da ya shiga cikin gida ya ce wa Goggo ya ji an kira uban kowa, na Dogon Daji, na Kebbe, na Fakku, shi yaron nan na wajenta daga sama ya faɗo? Da ma na riga na gaya mata abin da ya faru, sai ta kwashe duka ta faɗa masa, har zancen reza. Ta ce ya daɗe yana feƙe alƙalami bai ɗago ba, ta kasa gane fushi ne ko mene ne. Can ya ce tunda an riga an faɗa, a kawo masa guntun ya ji abin da yaron ya yi da hannunsa.

Baffa, me zan kai masa? Toka? Tun ranar zama ya gagare ni, in na shiga ɗaki in fito, in na fito in koma, tuwo ma sai in ture. Kai ka tashi da shi ɗaki ɗaya, kai ka san abin da yake nufi in ya yi irin wannan magana. Gwada ni yake yi, ko da gaske so yake ya ji? Na yi daidai da na yanke, ko kuwa na tozarta shi a gaban gari, aka ji uban kowa ban da shi? Don Allah ka rubuto mini da wuri, ko ka aiko da saƙo ta bakin direbobin goro. Amma ban yi maka alkawarin zan iya jira ba. Zuciyata na gaya mini in ɗaure jitar a bayan babur ranar Jumma'a in tafi Tambuwal, in kaɗa masa wurin da aka yanke, in ya so ya kore ni. Abin da ke tsayar da ni shi ne gidanmu babu lantarki, jitar nan kuwa in babu wuta ba ta da murya, sai mutum ya matso har gwiwa ta taɓa gwiwa kafin ya ji ta. Ni kuma tun da aka haife ni ban taɓa zama kusa da shi haka ba.

Ka gaishe mini da Inna Tambaya da kyau, da Atiku da Na'inna, da duk mutanen gidan. Inna da A'isha da Goggo Husaina suna gaishe ka. Ka sa ni cikin addu'a ranar Jumma'a, ko da takardar nan ba ta riga ta iso ba Allah ya san lokacinta.

Wassalam. Ni ne ɗanka mai biyayya,
Attahiru.