Geron da Inna Ta Ware

Yaya Balkisu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Malam da yara, ya nauyin jiki? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Lambara lafiya lau.

Ɗiyarki Saratu ta cika wata shida, nono kaɗai ba ya isarta. Ran Juma'a na tafi Boɗinga share ɗakin Inna, sai Baba ya miƙo mini ƙwarya ɗaure da tsohon kallabinta. Geron gayaunarta ne. Ya ce tun kafin ciwo ya kwantar da ita ta ware shi, ta ce na kunun jikokinta ne, kada kowa ya taɓa.

Na surfa, na soya shi sama-sama da gyaɗa da waken suya, anka niƙo, na tankaɗe sau biyu yadda Inna take yi. Yaya, Saratu ta shanye kunun nan har tana bin cokali da baki. Ni kuwa kuka ya hana ni murna.

Rabi kawai na ɗiba. Sauran na mayar na ɗaure, shina jiran abin da ke cikinki.

Ki gaida Malam, ki sa mu a addu'a. Allah shi sauke ki lafiya, shi jiƙan Inna.

Ƙanwarki,
Hajara