Latas ɗin Inna da Maganar Tafiya Abijan

Sayi, 9 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Sumana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bibata da yara. Mu nan lafiya lau. Mijina Tinni ya gama yankan shinkafa a bakin kogi, an samu daidai gwargwado. Ƙugun Inna ma ya yi sauƙi, likita ya ce ba karaya ba ce, yanzu tana takawa da sanda har ƙofar gida.

Saƙonka na cewa in shirya ta ta koma wurinka Abijan da zama ya iso tun tana kwance, kwana huɗu bayan ta zame a bakin rijiya da guga a hannu. Na gaya mata kamar yadda ka faɗa. Sai ta juya fuska bango, kuma daga ranar ta rage cin abinci. Ko dambun zogale da take so, loma biyu take yi ta ture kwanon. Na tsorata, Yaya, fiye da ranar da ta faɗi.

Da na rasa dabara, sai na ɗauko ƙullin irin latas ɗinta na ce zan shuka mata, tunda sanyi ya shigo kuma lambun bayan ɗaki yana nan a bushe. Na tona rami na binne shi kamar gero. Mako guda ko tsiro ɗaya babu. Da ta ji yadda na yi, ta tashi zaune a karon farko, ta ce shekara talatin ina cin latas a gidanta amma ban san ba a yi masa kabari ba. Ta sa aka fitar da ita kan tabarma, ta riƙa ba da umarni da sanda: a gauraya irin da yashi, a barbaɗa a sama, a rufa da ciyawa kaɗan, a yayyafa ruwa da gwangwanin da aka huda. Kwana biyar ya fito. Ran nan ta cinye tuwonta tas, har ta ce miyata ba gishiri.

Tinni ya tsaga tsofaffin duro biyu ya ɗora a kan bulo dab da ƙofar ɗakinta, muka cika su da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin awaki, muka dasa da tazarar tafin hannu. Yanzu ba ta sunkuyawa, ba ta zuwa rijiya, ni nake kawo ruwa safe da yamma. Irin nan ne marar dunƙulewa, ganyen gefe take tsinka ta bar zuciyar, bayan 'yan kwanaki ya sake cika. Maƙwabta na shigowa ta ba su, su zauna hira har azahar.

Jiya na sake tayar da maganarka. Ta ce in rubuta maka cewa Allah Ya yi maka albarka, ta san tsoro ne ya sa ka, amma a bene hawa na uku me za ta riƙa yi in ban da kallon motoci? Ta ce idan zafi ya shigo latas ya yi ɗaci, ta bar guda huɗu su yi fure ta tara iri, za ta zo ta yi muku wata biyu ta dawo. Ina roƙonka ka amince da haka. Ni nake ganinta kullum, kuma na ga yadda ta kasance a makonnin da ta ɗauka za a raba ta da gidan nan.

Ka gaida Bibata, da Jibo da Hamsatu, da Kawu Kimba in kun haɗu. Inna ta ce Bibata ta nemi tsohuwar roba ta huda gindin robar kafin ta iso da irin latas ɗinta, don ba za ta zo ta naɗe hannu ta zauna ba.

Taka ƙanwa,
Gambi