Mako Goma Sha Biyu a Ɗakin Gwaggo Fatsuma

Tambuwal, 9 ga Yuni

Zuwa ga mijina, Baban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lahiya, da Inna, da ɗiyarmu Nana. Yaya shuka? Shaihu direba ya ce an yi ruwa sosai a Fakku, Allah shi sa albarka. Shi zai kawo maka wannan takarda. Ka san wayar garinku, sai ka hau tudun makaranta muke jin juna, ni kuma nan duk abin da na faɗa Gwaggo Fatsuma na tsakar gida tana ji.

Na cika mako guda da fara aikin koyon nan. Kamfanin ya fi yadda muka zata girma. Su ne masu kai saƙon kaya gari-gari, ma'aikatansu sun wuce dubu fuɗu, kuma ban ga ko ɗaya ido da ido ba. Daga Legas suka aiko mini kwamfuta a kwali, da sharaɗin ba za ta bar gidan da na rubuta musu ba. In ta bar shi, da kanta za ta kulle. Gwaggonka ta ba ni ƙaramin ɗakin da take ajiye buhunan gero, don shi kaɗai ne sabis ke kamawa. Tagarshi na kallon katangar maƙwabta.

Kullum ƙarfe tara muna taro ta bidiyo, kowa shi faɗi abin da ya yi jiya. Mai kula da ni sunanta Ni'imatu, 'yar Ilori ce, tana da kirki amma ba ta da lokaci. Kusa da sunana akwai wani ɗigo kore. In na tashi na minti biyar sai shi koma ruwan ɗorawa, kowa shi gani. Na gaya mata lokutan salla, ta ce babu komai, amma duk da haka sauri nika yi.

Nonona ya daina ciwo. Shin Nana na shan kunun? Kada Inna ta sa mata sukari da yawa, amma ka faɗa da dabara, kada ta ce daga ni ne.

Taka,
Khairiyya

Tambuwal, 7 ga Yuli

Baban Nana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aikin noma, ina gaida Inna da jiki. Na ga takardarka da ƙwan zabin, na gode, Allah shi saka da alheri.

Ka tambayi mi nika yi musu takamaimai. Manhajarsu ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. In mace ta rubuta sunanta Ruƙayyatu, sai wani ɗan akwati shi fito a tsakiyar sunan, mai kai kaya shi kasa samunta a jerinshi. Shekara uku ke nan da aka kai ƙorafin, ba wanda ya taɓa, sai aka ba ni. Na gyara cikin kwana shida. Amma nan ba a sa gyara sai manya biyu sun duba, kuma sau biyar suna maido mini da shi. Wani da ban taɓa jin muryarshi ba ya rubuta mini tambaya goma sha tara a kan layi talatin kacal da na rubuta a gyaran.

Yanzu ga abin da ban iya faɗa maka a waya ba. Asabar da ta wuce na kamo hanya ban gaya maka ba, ina so ku gan ni kwatsam. Na sai wa Nana takalmi ja. Mun isa Kebbe lahiya, na hau mashin, muka iske rafin nan na kan hanya ya cika ya shafe mashigi. Masu mashin sun jeru a gaɓa suna jiran shi janye. Na zauna gindin marke daga hantsi har la'asar. Wani ya ce zai ƙetarar da ni a kafaɗa in na yarda. Wallahi na tsaya ina tunani. Abin da ya hana ni shi ne, in na ƙetara aka ƙara ruwa ranar Lahadi, Litinin ƙarfe tara ba ni gaban kwamfuta. Na juyo. Ga takalmin nan a hannun Shaihu. In ya yi mata kaɗan, a ba wata.

Mako biyar ke nan ban ganta ba. Ka ce ta fara cewa “akuya”. Ka rubuto mini duk kalmar da ta faɗa, yadda ta faɗe ta.

Matarka,
Khairiyya

Tambuwal, 29 ga Yuli

Baban Nana,

Assalamu alaikum, da fatan kun isa gida lahiya, ruwa bai tare ku ba.

Ka yafe mini jiya. Ka ɗauko yarinya tun asuba, ka bar gona, ni kuma minti ashirin kawai na ba ku. Na ga fuskarka lokacin da na ce zan shiga ɗaki. Da ka yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bari in gaya maka abin da ya faru. Ranar Alhamis aka sa gyarana a cikin manhajar. Sunaye suka fito daidai, na yi murna har na yi wa Gwaggo bayani tana ta cewa masha Allah ba tare da ta gane ba. Ashe akwai wani tsohon sashe mai tura saƙon waya ga masu jiran kaya, shi ma bai san haruffan ba. Duk wanda ke da ƙ ko ɗ a sunanshi ko a sunan unguwarshi, saƙo bai je mishi ba. Kwana uku kaya na zaune a rumbunan kamfani. Taron da aka kira jiya na wannan ne, mutum arba'in, kuma sunana ne a saman takardar. Ban san da zuwanku ba, su ma ba su san ina da 'ya ba. Ban taɓa gaya musu ba. Na ji tsoron su ce ba zan iya ba.

A taron Ni'imatu ta ce, “Mu biyu muka duba muka sa hannu, laifin namu ne kafin nata.” Ba a kore ni ba. An ce in gyara tsohon sashen ma.

Amma ba taron ke damuna ba. Da na miƙa wa Nana hannu ta ɓuya bayan ƙafarka, ta leƙo ta ce “Anti”. Na san Hamdiya ƙanwarka take ji ana kira haka, duk baƙuwar mace Anti ce a wurinta. Na yi dariya don Gwaggo na kallo. Ina cikin taron ina jin muryarta a tsakar gida tana bin kaji, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu, ga fuskata a allo mutum arba'in na gani. Da na fito kun riga kun tafi don kada hadari shi rufe ku.

Saura mako fuɗu. Ina ƙirgawa a bayan ƙyaure da alli.

Ka gaida Inna, ka ce na ga yadda yarinya ta yi ɓul-ɓul, Allah shi biya ta.

Taka,
Khairiyya

Tambuwal, 22 ga Agusta

Mijina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lahiya, da Inna da Nana. Ka karanta wannan kai kaɗai.

Na gama gyaran, ya yi aiki. Ranar Talata Ni'imatu ta kira ni ita kaɗai, ta ce cikin mu ashirin da biyu masu koyo, uku za a riƙe na ƙarin wata shida, kuma ina ciki. In an gama wannan akwai yiwuwar aiki na dindindin. Sai a lokacin na gaya mata ina da miji da ɗiya a ƙauye. Ta ce ita ma tana da 'ya'ya biyu. Na roƙa a mayar da adireshin kwamfutar zuwa Fakku. Ta tambayi masu tsaron na'urori, suka duba ƙarfin sabis ɗin wajen, suka ce ba zai ɗauka ba. Sharaɗin na nan yadda shike, ɗakin nan ne.

An ba ni zuwa yau Juma'a ƙarfe biyar in ba da amsa. Tun Laraba nika kiranka. Na san kuna gonar fadama, can ko layi ba ya shiga. Yau kaɗai sau goma sha ɗaya na kira. Shaihu kuma sai gobe zai bi ta wajenku. Biyar saura minti bakwai na danna na amince.

Na yi ba da izininka ba, kuma na san alkawarinmu mako goma sha biyu ne, haka ka gaya wa Inna. Zan iya cewa lokaci ne ya matse ni, gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Da na ga sunana cikin ukun nan na ji daɗin da ban taɓa jin irinshi ba. Na tsani ɗakin nan, Baban Nana, kuma ina son aikin da nika yi a cikinshi. Na rasa yadda zan yi da biyun.

Ana iya janyewa kafin ranar ɗaya ga wata. In ka ce in janye zan janye, ba zan riƙe ka da shi a zuciya ba in Allah ya so, ko da zai ɗauke ni lokaci. In kuma ka yarda, ina roƙon abu ɗaya, ka taya ni yi wa Inna magana a bar mini Nana nan. Gwaggo ta ce za ta riƙe ta da rana. Na san gidanku zai yi shiru, kuma kai ne za ka koma ba mata ba ɗiya. Ban raina wannan ba.

An ba ni hutun kwana tara daga Asabar ta sama, talatin ga wata. Zan shigo motar farko. Ka zo Kebbe da mashin ka ɗauke ni, kai kaɗai, kada ka aiko kowa. Duk abin da ka yanke ka gaya mini a hanya, kafin mu shiga gida in durƙusa gaban Inna.

Allah shi bar mu tare.

Matarka mai neman gafararka,
Khairiyya