Kafar Baya

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa lafiya. Yaya mai jego da jinjiri? Ki shafa mini kansa, ki gaya masa aron matata na ba shi, kada ya saba.

Albishirinki, na koma kaɗa jita a zauren otal ɗin nan. Kin ce hannuna bai gama warkewa ba tun ciwon bara, to ki zo ki ji tafi! Autanmu ya sayo wata na'ura mai gyara sautin jita, ta sa masa amo da amsa-kuwwa. Kafa biyu gare ta ta soka waya, ɗaya gaba, ɗaya baya. Tawa yake sokawa a baya, wai don kada in taka, tasa kuma a gaba. Ni ina bakin dandamali, shi yana can bayan mai ganga yana yi mini rakiya da tasa jitar a hankali. Kin san kunnena ya yi nauyi, amma abin da nake ji, wallahi kamar ina saurayi.

Ki gaida surukinmu.

Mijinki.

*

Uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, jinjiri kuma ya bar ku kuna barci. Mu nan lafiyar jiki ƙalau. Idan kina da wasiƙar da na aiko miki, don Allah ki yaga ta.

Ranar Asabar da rana aka yi liyafar wasu ma'aikata, zaure ya cika maƙil. Muna tsakiyar waƙar nan da kike so, daidai inda kowa ke yin shiru a bar ni ni kaɗai, sai tsirkiyata ta tsinke, ta yanke ni a yatsa. Na saki jitar, na kai yatsan baki. Kiɗan bai tsaya ba. Ina tsaye da yatsa a baki, jita na reto a wuyana, lasifika kuwa na ta zuba kiɗana tiryan-tiryan. Wata mata a teburin gaba ta fara ƙyalƙyalewa, sai dariya ta zagaye zauren. Na waiwaya, na ga Auta kansa a sunkuye, yatsunsa na ta gudu, bai ma san abin da ya faru ba.

Ban san yadda na sauko ba. Na samu kaina a ɗakin ajiye kujeru, ina zaune a kan wata mai karyayyar ƙafa. Nan Auta ya iske ni, ya durƙusa. Ya ce, "Baba, na'urar haka take: da zarar an soka waya a gaba, ta baya ta mutu." Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun ranar farko. Ashe manajan otal ya ji ni wajen gwaji ya ce a sallame ni, Auta kuwa ya kasa gaya mini, sai ya yi wannan dabarar. Mai ganga ya sani, mawaƙiya ta sani. Ni kaɗai nake ta rusunawa ina karɓar tafin ɗana, har ina ce masa ya dage, wata rana zai kamo ni.

Da muka koma gida na sa ya soka tawa a gaba, ya ƙure mini sauti, ya fita. Na kaɗa. Kai, maman yara! Yatsun nan biyu da ciwon ya taɓa ba sa isa inda na aike su, sauti sai karkarwa yake yi. Na daɗe a zaune kafin na kira shi. Na so in yi faɗa, amma kunya ta hana ni ɗaga ido. Abin da na iya ce masa kawai, daga yau ya fito bakin dandamali, mutane su ga mai kiɗansu. Ya yi kuka, ni ma dai ban tsira ba.

Yau kwana nawa ban leƙa ko bakin titi ba. Mai shagon ƙasanmu ya aiko a tambayi lafiyata, na ce a ce masa mura ce.

Abu ɗaya ke cina. Auta ba ya ɓoye miki komai tun yana ƙarami, kuma na tuna yadda kika yi ta roƙona in huta. Idan kin sani, kada ki rubuto. Ki bari sai kin dawo ki faɗa mini, ina kallon bango.

Ki gaida mai jego, amma kada ki ba ta labarin nan tukuna.

Mijinki.